Dan Allah a daina auna injinan tanin a sikeli ana sayar wa 'yan gwangwan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ranka ya daɗe ina roƙon ka ɗan bani fili in yi magana akan wani abu da yake damunmu mu masu aikin tanin, wato masu sassaƙa ƙarfe akan injin lat, musamman mu da muke zaune a karkara. Ni a yankin Kura nake, a wannan sana'ar na tashi kuma da ita nake riƙe da iyali.

Maganar itace tsofaffin injinan aikin ƙarfe, lat da milin da shefa masu sassaƙa fuskar ƙarfe da manyan injinan huda, suna ta ƙarewa a hannun 'yan gwangwan. Tun da masana'antun Sharada da Bompai da Challawa suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kowacce tana da ɗakin gyaranta da injinanta a ciki, injinan nan suke fitowa, amma maimakon su faɗo hannun masu sana'a sai kaga an sa musu guduma an farfasa, an ɗora a sikeli an sayar da kilo, an loda a tirela an kai gun masu narka ƙarfe sun zama rodin gini. Ban ce 'yan gwangwan sun yi laifi ba, halak ɗinsu suke nema. Da wanda ya sayar musu nake, sabida mafi yawan injinan da aka kira ni na duba ana cewa wai sun mutu, wallahi ba mutuwa suka yi ba, datti ne da rashin mai da matsalar wuta, sai kuma gyaran ganganci da wani ya yi musu a baya.

Wani zai ce toh ina ruwan ƙauye da injin lat. Ai mu muka fi kowa buƙata. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya shigo gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zauna, yanzu ko ina ka duba injin ban ruwa ne, injin casar shinkafa ne, injin niƙa, injin sussuka, ga tarakta ga tsofaffin injinan Lister da har yau suna bugawa. Duk waɗannan suna cin shaf, suna cin bush, fuli yana sakewa, tiredi, wato haƙoran jikin noti, yana cinyewa. Ɗan bush ɗin da ba zai ɗau mai lat rabin awa ba, in babu lat a kusa sai manomi ya shiga mota zuwa Kofar Ruwa ko Dakata ya je ya bi layi, wataƙila ya kwana, shi kuwa tumatir baya jiran kowa, in ƙishi ya kama shi shikenan. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Ringim da sauran masu noman fadamar Hadejia sun san abun da nake faɗa, su ma tafiyarsu ta fi tamu nisa.

Kuma injinan da ake fasawa ɗin ba ƙananan kaya bane. Akwai Colchester da Harrison da Dean Smith & Grace na Ingila, akwai TOS na tsohuwar Chekoslobakiya, akwai 1K62 na Rasha wanda aka fara ƙerawa a Mosko tun 1956 mai nauyin tan biyu da wani abu, akwai HMT na Indiya, akwai milin ɗin Bridgeport na Amurka. Mu ma nan ƙasar an kafa kamfanin ƙera irinsu a Oshogbo a 1980 tare da haɗin gwiwar HMT. Jikinsu ƙarfen kas ne, wato na zubi, mai kauri, nauyin nan shine yake shanye girgiza, shi yasa zaka sa masa yanka mai zurfi ya wuce ko gezau, fuskar aikin ta fito sumul. Ƙananan sababbin da ake kawowa masu araha kuwa, ba wai basa aiki ba, suna yi daidai kuɗinsu, amma ka ɗora musu shaf ɗin tarakta kaji yanda zasu dinga kuka suna bar maka zane a jikin aiki.

Abu na farko da nake faɗa wa duk wanda ya samu injin da ya daɗe a ajiye shine kar ya jona masa wuta. Mutane akwai ɗoki, ana saukewa sai a ce a kunna mu gani, alhali man cikin akwatin giya ya daskare ko ya tsiyaye, zanzaro ya yi gini a ƙofofin mai, ɓeraye sun ci wayoyi, kana kunnawa boris ya juya a bushe ko giya biyu su haɗu a karkace haƙori ya tashi. A fara buɗe murfi a leƙa, a wanke da kananzir, a juya cok, wato abun da ke riƙe aikin yana juyawa dashi, da hannu a kowace giya ana saurare. Tsatsar da ke kan gado kuwa, wato dogon ƙarfen da keken wuƙa yake tafiya akai, dan girman Allah kar a sa mata giranda, kar a sa samfefa mai kaushi. Gadon nan shine injin, akansa komai yake tafiya, in ka ci shi don yayi ƙyalli toh ka cinye daidaiton da ba zaka iya mayarwa ba. A jiƙa da kananzir ko man giya a barshi ya kwana, a kankare a hankali da reza a kwance, baƙin tabon da ya rage ba ya hana aiki. Ƙananan sassa irin hannaye da notina ana iya jiƙa su a ruwan binega su saki tsatsa, sai a wanke a shafa mai nan take.

In ana so a san ko gado ya ci, ba sai da kayan awo masu tsada ba a karon farko. Ka kawo keken da ke ɗauke da wuƙa kusa da cok, ka ɗan ɗaure notin makullinsa yanda zai dinga tafiya da ɗan nauyi, sannan ka tura shi baya gurin telstok, wato abun da ke tokare aiki daga wutsiyar injin. In yana zuwa tsakiya ya cije, gado ya ci a gaba, sabida kusan duk aikin shekara da shekaru a kusa da cok ake yinsa. Ko hakan ma ba hukuncin kisa bane, injin da gadonsa ya ɗan ci zai yi maka bush da fuli da gajeren shaf lafiya lau in mai shi ya san halinsa, kuma aikin ƙauye yawanci irin wannan ne.

Ƙorafin da na fi ji shine wai injin yana yanka gefe ɗaya kauri gefe ɗaya siriri, sai a yanke hukunci a ce ya tsufa. Sau tari ba tsufa bane, zama ne bai zaunu ba. An ajiye injin tan biyu akan daɓen da ba siminti mai kauri ba, ko an tokare ƙafa ɗaya da guntun katako, damina tazo ƙasa ta motsa, gado ya ɗan murɗe yanda ido ba zai gani ba. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, toh a wannan aikin bai sani ba, sai an sa ma'auni. Ka ɗaura sandar ƙarfe mai kauri a cok ba tare da ka tokare ta da telstok ba, ka yi yanka marar zurfi a kusa da cok da kuma can bakin, ka auna kaurin da ma'aunin maikiromita. In sun bambanta sai ka dinga sa siraran falle a ƙarƙashin ƙafar injin ta ɓangaren wutsiya, ta gaba ko ta baya, kana sake yanka kana aunawa har su zo ɗaya. In kuwa sai ka tokare da telstok ne matsalar take fitowa, toh shine ya goce gefe, akwai notina a gindinsa da ake matsar dashi. Aikin yini ɗaya ne da haƙuri, amma akan wannan ake kai inji sikeli.

Sai maganar mai da ƙura, wadda in da zan iya da na rubuta ta a ƙofar kowane shago. Mu nan hunturu yana zuwa da ƙura mai laushi da take shiga ko ina, ga ƙaiƙayin shinkafa ga yashin hanya, duk su sauka akan gadon da aka shafa wa mai. Mai da ƙura in suka haɗu a ƙarƙashin keke, kamar ka zuba tsaba ne a tsakanin dutsen niƙa da ɗansa, sai dai nan abun da ake niƙawa ƙarfen injin ne. Akwai wasu 'yan ƙyallaye masu kauri a gaba da bayan keken da aikinsu shine share gado kafin keken ya hau, a tsofaffin injina zaka tarar sun bushe sun zama ƙarfe ko ma babu su, kuma ba wanda ya damu, alhali da guntun tsohon bargo mai kauri zaka yanka ka mayar. Sannan abun takaici baƙin man da aka juye daga mota shi ake zubawa a gado har da akwatin giya wai don araha, man da ya riga ya cika da garin ƙarfe da toka. Wasu kuma giris suke durawa a 'yan kawunan da aka yi don mai, musamman a milin ɗin Bridgeport inda kawunan suke kama da na giris, sai ya daskare a cikin hanyoyin ya toshe su, sama kaga inji yana naso ƙasa kuwa a bushe yake cin kansa. Gado yana son mansa mai lamba 68, akwatin giyar sama kuma yawanci mai marar kauri yake so irin na haidirolik, kuma yawancin injinan akwai ɗan allo a jikinsu da aka rubuta irin man, a goge a karanta. Kuma a daina wasa wuƙa ko yanka da giranda a gefen lat, garin dutsen nan ya fi ƙurar hunturu sharri. In an tashi aiki a share a shafa mai a rufe da buhu ko tamfol.

Gyaran ganganci kuwa kala kala ne. Akwai wani ɗan fin mai laushi da masu ƙera injin suka sa da gangan a sandar da ke jan keke, don in wuƙa ta ci karo shi ya karye ya ceci giyoyi. Sai ya karye, sai wani gwani ya ce ai wannan fin ɗin banza ne ya nemo ƙusa mai tauri ko guntun boris ya buga, ranar da aka sake cin karo sai haƙoran giya su zube, giyar da ba zaka samu a kasuwa ba. Haka walda akan kas, a kawo rodin walda na gama gari a ɗana masa a sanyi, yana hucewa ya tsage a gefen gurin. Kas sai an ɗumama shi gaba ɗaya, a yi da rodin nikel ko a like da tagulla, sannan a binne a toka ko yashi mai zafi ya huce a hankali. Kuma masu ɗaura aiki a cok su yi walda a kai suna maƙala wayar at (earth) a jikin injin, ku sani wutar nan ta cikin boris ɗin sandar da ke juya cok take bi tana ƙona shi.

Wani abun da yara da yawa basu sani ba, tsofaffin injinan Ingila notinansu ba na milimita bane, tiredin Whitworth ne wanda aka tsara tun 1841, kusurwar haƙorinsa digiri 55, na milimita kuwa 60. Notin rabin inci da M12 na milimita a ido kamar ɗaya suke, zai shiga zagaye biyu ya cije, sai a sa dogon sifana a danne, shikenan an kashe ramin. In noti ya ɓata ai kai mai lat ne, ka yanka wani. Hakanan in dogon sukurun injinka na inci ne kana so ka yanka tiredin milimita, akwai giya mai haƙori 127 da ake sawa a baya, dalili kuwa inci ɗaya milimita 25.4 ne, in ka ninka sau biyar 127 zai baka. Giyoyin canjin nan sune abu na farko da yake ɓata in ana kwashe inji daga masana'anta, sabida a kabad suke zama ba a jikin injin ba, sai a tafi da inji a bar su a share su da shara. Duk mai sayen tsohon lat ya tambayi giyoyinsa da muƙamuƙan cok na waje da abun tallafe dogon aiki kafin ya biya.

Wuta kuma ita ce babbar matsalarmu a karkara. Injinan nan layi uku suke so, mai ƙarfin volt 415, kuma in layi ɗaya ya ɗauke motar lantarkin da ke juya injin tana cikin juyawa ba tsayawa zata yi ba, zata cigaba tana gurnani tana zafi har koyil ya ƙone a kai wa mai riwaya. Akwai ɗan abun kariya da yake yanke wuta in mota ta ɗau zafi, sai kaga an cire shi an haɗa waya kai tsaye wai yana damun mutane da yankewa, to ai aikinsa kenan. In inji ya juya baya bayan an canza janareto, ba lalacewa ya yi ba, wayoyi biyu cikin ukun zaka musanya, amma a lura da wuri don wasu injinan famfon mansu baya turawa in ya juya baya. Wanda ya zo daga Amurka kuma an yi shi ne don wuta mai bugu 60 tamu kuwa 50 ce, motar da aka rubuta kusan 1800 zata dawo kusan 1500, kar a ce ta gaji. Ga masu ƙaramin lat da basu da layi uku, yanzu akwai inbata irin wadda ake sa wa famfon sola, tana karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, tana riƙe mota har wajen doki uku, sai dai dole motar ta zama mai karɓar 240 in an sauya haɗin cikinta, kuma daga inbata zuwa mota kai tsaye ake haɗawa ba a sa makunni a tsakani.

Na zo kan masu kwamfuta, wato CNC, waɗanda 'yan kasuwa suka fara shigowa dasu na hannu daga Turai, wasu kuma suna zaune a makarantu an rufe da leda. Su waɗannan an fi saurin yanke musu ƙauna sabida in allo ya nuna jan rubutu kowa sai ya ja baya. Alhali lambar da ya nuna ɗin gaya maka ciwonsa yake, a rubuta ta a duba littafinsa ko a nema a intanet. Sau da yawa abun dariya ne, man shafawa ya yi ƙasa a tanki, ko iskar kwamfuresa bata kai ba, ko maɓallin tsayawar gaggawa a danne yake, ko garin ƙarfe ya danne makunnin iyaka, ko tsaka ta shiga akwatin wuta ta haɗa layi. Amma babban abun da yake kashe tsofaffin kwamfutocin inji irin Fanuc da Siemens a ƙasar nan ɗan batir ne. Duk bayanan da suka sa injin ya san kansa, tsawon tafiyarsa da saurin motocinsa da yanda zai canza wuƙa, suna zaune ne a ma'ajiyar da batir ke riƙewa in an kashe wuta. Inji ya yi shekara biyu a kwantena ko a sito, batir ya mutu, komai ya goge, kamfanin da ya ƙera shi wataƙila ma ya rufe. Shi yasa in Fanuc ya fara nuna BAT a allo ake canza batir ɗin injin yana kunne, in ka kashe ka cire toh kai ka goge da hannunka. Kuma duk wanda nashi yake aiki yau, yau ɗin nan ya kwafe bayanan ta wayar RS-232 zuwa kwamfuta, in bai iya ba ya bi shafi shafi yana ɗauka a hoto da wayarsa, ya kuma rubuta a littafi ya ajiye a gida ba a shago ba.

Sauran ciwonsu zafi ne da ƙura da wutar janareto mai hawa da sauka. Fankokin akwatin wuta su mutu, matatar iska ta toshe, a watan Afrilu a ɗakin kwano, dole allunan su gaji. Kafasitocin ciki suna bushewa da shekaru, kuma yaranmu masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano da suke cire abun da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, canza kafasita a allon 1990 ba komai bane a gunsu in an nuna musu. Na Japan yawanci wuta mai volt 200 suke so don haka dole taransifoma a tsakani, kuma a kafa sandar at ta gaske a dinga jiƙa gurin da rani don busasshiyar ƙasa bata ɗaukar wuta. In kuma kwamfutar ta mutu murus, ƙarfen yana nan, sukurorinsa masu boris suna nan, ana iya cire tsohuwar a sa masa manhajar LinuxCNC wadda kyauta ce akan kwamfutar tebur. Wannan kam sai an haɗa hannu da masu ilimin lantarki, ni nawa sanin a ƙarfe ya fi ƙarfi, amma ga ɗaliban injiniya a Wudil da Kazaure da Hadejia da Dutse suna neman aikin kammala karatu, me ya fi wannan.

Ba na musun akwai wanda ya mutu da gaske. In gado ya tsage gida biyu, ko inji ya faɗo daga mota kan ya fashe, wanda yana faruwa sosai don lat nauyinsa a sama yake kuma masu lodi basu sani ba, toh wannan sai haƙuri. Amma ko shi a cire cok da giyoyi da telstok da hannaye da mota kafin a kai sauran sikeli, zasu tashi wani.

Roƙona ga gwamnatocin Kano da Jigawa shine, lokacin da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980 an shigo da injinan koyar da sana'a masu yawa daga gabashin Turai aka raba wa makarantun sakandare, wasu ko akwatinsu ba a buɗe ba sabida babu wuta babu malami. A tura masu sani su zaga makarantu da ma'aikatun ayyuka da na ruwa da na gona su ƙirga abun da ya rage, wanda makaranta zata yi amfani dashi a gyara mata, wanda za a yi gwanjonsa kuma a sanar a rediyo a fara ba masu sana'a dama ko da biya kaɗan kaɗan ne, kar a yi shi a ɓoye a wayi gari tirela ta fita. Tsofaffin da suka yi aiki a ɗakunan gyaran masana'antu da na jirgin ƙasa, waɗanda suka iya kankare gado da hannu suna shafa shuɗin tawada suna gane inda ya taɓa, da yawansu suna nan a unguwanni a zaune kuma suna ta raguwa, a ɗauke su ko na wata shida shida ne su koyar a kwalejojin fasaha irin na Wudil da Bagauda.

'Yan uwana masu sana'a kuma, in kun tashi inji kun sa yara akai, a hana su zuwa da riga mai faɗin hannu ko rawani ko carbi a wuya, kuma kar a bar makulli a jikin cok ko na minti ɗaya, tsohon injin nan mai doki goma ba ya jin ya kama hannun mutum.

Daga ƙarshe ranka ya daɗe, in da hali jaridar nan ta ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata inda mai tsohon inji zai sanar kafin ya kira 'yan gwangwan, mai neman giya ko cok shima ya faɗa, da an taimake mu sosai. Na gode da bani wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai aikin tanin daga ƙaramar hukumar Kura, jihar Kano.